Baƙon da Kaka Ta Ƙi Bari da Yunwa

A damunar da nake ajin ƙarshe a jami'a na zo hutu Daura, na tsinci abin a jikin ruɓaɓɓen karan dawa, bayan garken kakata ta wajen uwa. Wani abu ne ruwan ɗorawa mai yauƙi, kamar an zubar da kunu. Har rawa na taka. Irinsa malaminmu ya ce in nemo, in ɗauki hotonsa ranar da ya fid da kai, in ba haka ba babu aikin kammala karatu.

Na sa shi a tasa, na zaunar da Kaka na yi mata bayani. Ba tsiro ba ne, ba dabba ba, amma yana tafiya yana ci. Muddin yana ƙoshe haka zai yi ta malala. Sai yunwa ta kama shi, haske ya taɓa shi, sannan wasu ƙwayoyin gadon da ke barci a jikinsa su farka, wasu su kwanta, ya miƙe da 'yan sanduna masu kai cike da iri. Ta ce kaf dangin ubana haka suke, sai yunwa ke tashinsu.

Na hana shi abinci na ajiye shi bakin taga. Kullum kuwa sai in tarar ya ƙara ƙiba, har yana haura gefen tasa. Hutu na ƙarewa, hankalina ya tashi. Na zargi littafi, na zargi tasa, har ruwan Daura sai da na zarga.

Wata safiya na dawo daga masallaci na kama Kaka tana barbaɗa masa garin gero, tana ce masa ya ci, kar ya ji kunya.

“Kaka, kin kashe ni.”

“Kai dai za ka kashe bawan Allah. Tunda nake, baƙo bai taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba.”

Dariya ta hana ni faɗa. Na yi ta roƙo, da ƙyar ta yarda ta daina.

Ana jibi zan koma ya fid da kai, baƙaƙe ƙanana, tasa cike. Na ɗauki hoto, na ruga kasuwa na sayo mata fura da nono. Ta ce in rufe sai magariba. Ashe tun ranar da ta daina ba shi take azumi.

“Ba zan ci yana kallona ba,” in ji ta.