Tsibirin da Aka Binne Gwaggona

A Jarwal, wata unguwa a Makka, aka haife ni, a wani gida mai hawa biyu da ya jingina da dutse. A nan na yi aure, na haifi ɗa guda, auren ya mutu, na kwaso kayana na dawo gaban mahaifina. Baba tela ne. Yana da ɗan shago a bakin lungu inda yake rage wa alhazai tsawon jallabiya, yana yi wa maƙwabta faci. Ba shi da yawan magana. Abin da muka sani kawai shi ne tun yana yaro ya baro wani ƙauye a ƙasar Kano, suka biyo ta Sudan a ƙasa shi da mahaifiyarsa. Bai taɓa ƙara komai a kan haka ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Shekarar da aka shafa wa lungunmu jan fenti aka ce za a rushe, sai muka koma unguwar Rusaifa, muka kama haya a hawa na uku. Shago ya tafi, abokan hira sun watse, ga idon Baba ya fara dushewa. Wuni yake yi a bakin taga yana jan carbi. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wata rana da la'asar ɗana, wanda ke aiki a wani otal kusa da Harami, ya shigo da gwangwanin biskit ya ajiye a gaban kakansa. Baba ya lalubo shi, ya shafa murfin, sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

"Uwata, ɗauke mini wannan."

"Baba, mai laushi ne, ba zai dami haƙoranka ba."

"Na ce ki ɗauke."

Na ɗauke. Da ɗana ya fita, sai ya ce in zauna. A ranar na fara jin cewa ba su biyu suka taso daga gida ba. Su huɗu ne: shi, da iyayensa, da ƙanwarsa wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Ya ce a lokacin Turawa ne ke mulkin gaɓar teku ta can ɓangaren Sudan. Duk mai son tsallakowa ta tashar jiragen ruwa sai ya nuna takarda da shaidar allura da guzurin komawa, su kuwa ko ɗaya ba su da shi. Saboda haka suka bi ta bayan fage, suka shiga wani jirgin katako mai tafiya da iska, wanda aka danƙara mutane a ciki har babu wurin miƙe ƙafa. Suna tsakiyar teku da hantsi jirgin ya hau kan duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, cikinsa ya tsage. Allah Ya sa akwai tsibiri kusa, ruwan kuma bai wuce ƙirjin babba ba. Kakana ya ɗora Baba a wuya, kakata ta ɗora yarinyar a ka, suka fita. Tulunan ruwan sha duk sun tafi.

"Babu itace ko ɗaya," in ji Baba. "Yashi ne da kashin tsuntsaye. Sai wani ɗaki guda na dutse, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, da ƙaton kwaɗo a jiki."

Ɗaya daga cikin matuƙan jirgin, ɗan Sudan, ya san ɗakin. Ya ce gwamnati ce ta gina shi saboda waɗanda jirginsu ya nutse. Akwai tankin ruwa a ciki, da abinci, da barguna. Amma makullin yana hannun shugabannin jiragen da gwamnati ta san da zamansu, an kuma kulle ne don kada masunta su kwashe. Ya ƙara da cewa wanda duk ya taɓa ƙofar nan, a kurkuku zai ƙare.

Sai manya suka zauna shawara a inuwar bangon ɗakin. Akwai wani malami a cikinsu, dattijo mai faɗa a ji. Ya ce su da suka nufi Ɗakin Allah ba za su fara da fasa dukiyar wani ba, a yi haƙuri, a yi addu'a, jirgi zai zo. Wasu suka ce su ba haramcin suke tsoro ba, Bature suke tsoro. Rana ta faɗi, ta sake fitowa, suna nan a kan magana ɗaya. Mata suna jiƙa tsumma da ruwan gishiri suna shafa wa yara a goshi. Baba ya ce idan ya kanga kunnensa a jikin ƙofar, sanyin ƙarfen ta ƙasa yakan gaya masa lallai akwai ruwa a bayanta.

Yarinyar ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, daga baya ta daina. Kakata ta ci gaba da jijjiga ta tana yi mata waƙa, sai da wata tsohuwa ta zo ta karɓe ta daga hannunta.

Bayan an rufe ta a cikin yashi, kakana ya miƙe. Ya koma bakin ruwa ya samo wani guntun ƙarfe daga tarkacen jirgin, ya zo ya yi ta dukan kwaɗon har ya ɓalle. Ga ruwa cike da tanki, ga gwangwanayen biskit jere har rufi.

"Kin san wanda ya fara miƙo ƙoƙo?" Baba ya tambaye ni. "Malamin nan. Har yana cewa a yi bismilla."

Da wannan biskit suka rayu har jirgin sintiri na gwamnati ya hango su. Baturen da ya sauko, sanye da gajeren wando, bai fara duba mutane ba. Kai tsaye ya nufi ƙofar, ya ɗauki karyayyen kwaɗon yana jujjuyawa. Ya sa tafinta ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Sai duk idanu suka koma kan kakana, shi ke nan. Aka mayar da su gaɓar da suka baro. Sauran aka tsare su ɗan lokaci aka sake su, shi kuwa aka ɗaure shi saboda fasa kayan gwamnati. Ciwon ciki ya kashe shi a kurkuku. Bai ga Makka ba. Kakata ta yi shekaru tana toya ƙosai a garin bakin teku kafin ta sake samun hanyar tsallakowa da ɗanta.

Na tashi na haɗa masa shayi, ya huce a gabansa bai sha ba.

Tun daga ranar sai maganar teku ta kama bakinsa. Ya ce yana so kafin ya mutu a kai shi gaɓa, kudu da Jidda, ya fuskanci wajen tsibirin ya yi wa ƙanwarsa addu'a. Ga mai takarda wannan tafiyar safe ce a dawo da yamma. Amma iƙamar Baba, wato takardar zamansa, ta mutu tun rasuwar mutumin da ya tsaya masa. Na yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, kullum sai a tambaye ni ta wace tasha ya shigo ƙasar, kuma yaushe. Mutumin da ya tsufa a garin nan, ya ɗinka wa rabin Jarwal kayan salla, ya binne uwarsa da matarsa a nan.

Ɗana, wanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, ya ce wa kakansa, "Ya jaddi, addu'a ai tana zuwa daga ko'ina. A Harami ma ta fi lada."

Baba ya ce, "Na sani. Ba lada nake nema ba."

Da ƙyar na shawo kan wani tsohon maƙwabcinmu na Jarwal mai motar haya. Muka fita bayan sallar asuba, Baba ya sa farar jallabiyarsa da ya ɗinka da hannunsa. Mun bar gari ke nan sai muka hango layin motoci a shingen bincike, ana duba kowace ɗaya. Direban ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya juyo ya dube ni.

"Hajiya, ki yafe ni. Idan suka same shi a motata, motar ta tafi, shi kuma kin san inda za a kai shi. Ina da yara."

Ban ga laifinsa ba. Baba kuwa da ya ji mota ta tsaya sai ya fara laluben murfin ƙofa.

"Mun iso ne, uwata?"

Na so in ce masa eh. Ba ya gani sosai, ƙarar manyan motoci ma tana iya kama da ta ruwa. Amma na kasa.

"Ba mu iso ba, Baba. Akwai bincike a gaba. Juyawa za mu yi."

Sai ya ce a fitar da shi. Na riƙe hannunsa muka tsaya a kan tsakuwa, kusa da wata fasasshiyar taya. Ya tambayi ina ne yamma, na juya shi. Ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a, tirela tana wucewa tana kaɗa masa riga, direban yana ta leƙen madubi. Da ya shafa, sai ya ja numfashi ya ce, "Iskar nan babu gishiri a cikinta." Muka koma mota. Direban ya juya da mu Rusaifa.

Bai ƙara tayar da maganar ba. Bai kuma ga azumin shekarar ba. An yi masa salla a Harami, maza suka tafi da shi maƙabarta, ni ina gida da matan da suka zo gaisuwa.

Bayan kwanaki ɗana ya dawo daga aiki ya ce yana so ya yi wa yarinyar nan ta tsibiri ɗawafi, ita da kakansa. Ya tambaye ni sunanta don ya yi niyya. Na buɗe baki, sai na tuna Baba bai taɓa faɗa ba. Kullum "ƙanwata" yake cewa. Na tambayi tsofaffin Jarwal da suka rage, waɗanda aka watsa wasu unguwar Zahir wasu bayan gari, babu wanda ya ma san yana da ƙanwa. Na ce wa ɗana ya je ya yi haka nan, ya ce gwaggon mahaifiyarsa.