Ladi Mai Laluben Mata

Ladi matsoraciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ɓera ya gilma, sai ka gan ta a kan benci. Aure ne ya kawo ta Gombe daga ƙasar Tangale. Mijin ya rasu a hatsarin mota, ya bar mata injin markaɗe a unguwar Bagadaza da 'ya guda, Jummy. Da wannan inji mai hayaƙi da taurin kai ta raini yarinyar har ta zama budurwa, tana cikin mawaƙan coci. In ka cire Jummy, Ladi ba ta da kowa.

Sai ga shekarun da bam ya riƙa tashi a tasha da kasuwa, ana ta cewa mata ake ɗaura wa abin a ƙarƙashin zane. Dattawan ikilisiya suka hana shiga da jaka, suka sa aka jera duramai cike da yashi can nesa da katanga, a nan za a riƙa lalube kowa. Ba wanda ya faɗi dalilin nisan, amma kowa ya gane: in ta faru, ta tsaya a kan mai laluben. Namiji ba zai taɓa jikin matar wani ba, don haka aka nemi mace daga Zumuntar Mata ta cocin. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a wajen addu'a duk suka shiga gyaran ɗankwali. Ladi ce ta ɗaga hannu.

Aka yi ta yabon bangaskiyarta. Gaskiyar magana, dabara ce irin ta uwa. Kujerun mawaƙa suna can ƙuryar coci, ita kuwa tana bakin duramai, duk abin da zai kai ga Jummy sai ya bi ta kanta. Kowace Lahadi a nan take tsayawa, tana shafa kwiɓin mata, tana maimaita abin da ta haddace daga Zabura, cewa Mai tsaronta ba ya gyangyaɗi.

"Mama, ki bar aikin nan," in ji Jummy wata rana.

"Allah zai tsare."

"In kin yarda zai tsare, me ya sa kike kora ni ciki tun kafin mutane su taru?"

Ladi ta tayar da inji, ƙararsa ta rufe maganar.

Wata Lahadi, an riga an fara sujada, keke napep ya sauke wata mace da ba wanda ya sani. Ana rana mai zafi, amma ta lulluɓe da zane mai kauri, wani abu ya turo a ƙirjinta, hannayenta biyu suna ciki. Sauri take yi, idonta a kan ƙofa.

"Baiwar Allah, tsaya," in ji Ladi.

Ba ta tsaya ba. Mazan da ke gadi suka yi ihu a kwanta, masu latti suka watse. Ƙafafun Ladi suka so gudu, amma ta tari matar ta rungume ta, ta matse hannayen yadda aka koya mata, don kada su motsa. Ta ji abin a tsakaninsu, a dunƙule, da zafi. Ta runtse ido.

Sai ta ji an rungumo ta ta baya. Jummy ce cikin rigar mawaƙa. Ta hango ta taga, kowa yana gudu ƙurya, ita ta yo waje.

"Koma ciki, don Allah."

"Ba inda zan je, Mama."

Ladi ba ta da hannun da za ta ture ta da shi, in ta saki matar shi ke nan. Tsoron da ta ji a lokacin bai yi kama da na ɓera ba, bai yi kama da na mutuwarta ba. Ta ce, "Ubangiji, ga ta nan. Ni na kasa. Ko ka fitar da mu, ko ba ka fitar ba, taka ce."

Abin ya motsa, ya yi wani ɗan kuka siriri. Jariri ne, zazzaɓi ya cinye shi. Uwar 'yar gudun hijira ce, Hausarta ba ta nuna ba, ta kawo shi a yi masa addu'a. Ladi ta sake ta, ta zauna a ƙasa.

Ba a daina tayar da bam a garin ba, don haka da Lahadi ta zagayo ta koma bakin duramai. Jummy ta zo ta tsaya kusa da ita tana karɓar jakunkuna. Ladi ta buɗe baki za ta kore ta, sai ta fasa. Ta miƙa hannu ga mace ta farko a layi.