Yadda Mnena Ta Koyi Keke a Layin Dogo

A jirgin ƙasa Mnena ta zo Lafia tana amarya, kuma a gindin jirgi ta yi yawancin rayuwarta. Mijinta Francis ma'aikacin reluwe ne, mai riƙe tuta a inda titin mota ya ratsa layi. Ita kuwa lemo da gasasshiyar doya take miƙa wa fasinjoji ta taga. Ta iya gudu da faranti a ka tana ba da canji, har jirgi ya fice daga tasha.

Daga baya jirgi ya fara wuya. Sai a yi mako ba a ji kukansa ba, sai wata, har mutane suka daina kasa kunne. Wajen shekarar 2004 ciyawa ta rufe ƙarafunan, amma a gefensu ƙafafun mutane da tayoyin kekuna sun fitar da wata siririyar hanya, sumul, miƙaƙƙiya, ba hawa ba gangara. Manoma suka riƙa sassabe ta, wani ya shimfiɗa katako inda ruwa ya ci. Ta nan Mnena take bi zuwa gonaki ta saro doya, ta ɗauko a ka.

Da can ɗanta Terngu ne yake ɗauko mata a kekensa, baƙin keke mai kariyar ɗaura kaya a baya, da ya saya da gumin lodin doya. In ya kusa gida sai ya kaɗa ƙararrawa, ta san ta ɗora ruwan wanka. Zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina, bai yi aure ba. Tun daga nan keken yake jingine a ɗakinta. Kowace Lahadi bayan coci takan goge shi, ta ɗiga wa sarƙar mai.

Ana nan sai Aondoakaa, yayan Francis, ya zo daga Assakio. A danginsu, saurayi in ya mutu bai ajiye iyali ba, manyan gidan ubansa ke faɗin inda kayansa za su. Ya sha ruwa, ya yi gaisuwa, ya dubi keken.

"Matarmu, keke ba hoto ba ne. Ƙanena gwiwa ta hana shi hawa. A gida akwai masu zuwa gona da ƙafa. Zan tafi da shi."

Francis ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musu da yayansa ba. Mnena ta ji bakinta ya riga ta: "Baba, akwai mai hawa."

"Wa?"

"Ni."

Aondoakaa ya yi dariya har da tari. "Ke da furfurarki? To, shi ke nan. Zan dawo cin sabuwar doya. In na gan ki a kai da idona, naki ne. In ban gani ba, na tura abina."

Washegari Francis ya buɗe akwati ya fito da tutocinsa biyu, kore da ja, da tsohon wandon kakinsa. Mnena ta sa wandon a ƙarƙashin zani. Makarantar kuwa layin dogo ce, don babu mota, babu ɗan acaɓa. Francis ya kafa kujera a gefen hanya, ya zauna kamar yana bakin aiki. Mai riƙe kariya ita ce Juwairiya, Bafulatana mai tallan nono da suka daɗe suna haɗuwa a hanyar, wadda ita ma ba ta taɓa hawa keke ba.

"Maman Terngu, ki daina kallon ƙafarki, ba za ta gudu ba!" in ji Juwairiya.

"Ke dai riƙe! In kin sake ni, na daina sayen nononki."

"Da ma rabinsa kyauta kike sha."

Ta faɗi cikin rogon mutane, ta faɗi kan tsakuwa, sau ɗaya ma ta bi ta kan ƙwaryar Juwairiya. Francis dai abu biyu ya sani. Ya ɗaga kore: "Tafi!" Ya ɗaga ja: "Birki!" In ta wuce shi ta tsaya, sai ta sauka, su kama keken su juya shi, ta sake hawa. Hanyar ba ta da faɗin da za a yi wani abu ban da haka, kuma babu wanda ya ga laifin tsarin.

Wata safiya tana ta surutu da Juwairiya, ta ji shiru. Ashe ta baro ta can baya, Juwairiya na ta tafi da hannuwa. Daga ranar Mnena ta fara nisa. Ta ga wuraren da ƙafa ba ta taɓa kai ta ba: wata ƙaramar gada da kifaye ke wasa a ƙarƙashinta, da tsohon gidan leburori da mangwaro ya tsiro a tsakiyarsa, da rugar su Juwairiya, inda aka tare ta da fura.

Doya ta nuna, Aondoakaa ya dawo, har da igiyar ɗaure kaya a aljihu. Aka fita bakin layi, daidai inda lungun gidansu ya ɓalle daga hanyar. Maƙwabta suka taru. Mnena ta tura keken can nesa, Francis ya ɗaga kore, sai ga ta tafe, baya a miƙe, ɗankwali yana kaɗawa. Mata suka ɗau guɗa.

Aondoakaa ya nuna lungun da sandarsa. "To, shigo gida mana, matarmu!"

Mnena ta dubi lungun, ta dubi hannuwanta. A lokacin ne ta tuna ba ta taɓa karkata kan keke da gangan ba. Ta wuce su fuu, ta yi gaba abinta. Can ta taka birki, ta sauka a natse, ta rungumi keken ta juya shi, ta hau ta dawo. Ta sake wuce lungun.

"Ba ta iya juyawa ba!" in ji Aondoakaa. "Francis, me ka koya mata?"

Francis ya miƙe da ƙyar, tuta a hannu. "Yaya, ni abin da na sani na koyar. Duk aikina a reluwe ban taɓa ganin jirgi ya shiga lungu ba."

Wurin ya kece da dariya. Mnena ba ta yi ba. Ta tsaya a gaban yayan mijinta tana haki, hannuwanta sun ƙanƙame keken. Aondoakaa ya dubi gwiwar wandon da ta yage, da tabon da ke gwiwar hannunta. Ya miƙa yatsa ya kaɗa ƙararrawar, ya saurara har ƙarar ta mutu.

"Yaron nan da ita yake tashina in ya zo Assakio," ya ce. Ya share maƙogwaro. "Amma ba za a riƙa ɗaga kekensa kamar akuyar da ta ƙi tafiya ba. Gobe a filin coci. Francis, ka bar tutocinka a gida."

Kwana ya ƙara a Lafia, yana bin ta da gudu a filin yana ihu, "Hagu! Na ce hagu, matarmu!" Da zai koma, ya bar mata igiyar, ya ce ta ɗaure doya.

Shekaru ta yi tana bin layin, doya a kariya, wani lokacin Juwairiya a kan doyar. Ta iya shiga lungu sarai. Kuma kullum in ta kusa gida takan kaɗa ƙararrawa, Francis ya tashi ya ɗora ruwa.