Ranar da Na Shure Kofin Maganin Ƙanina

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta su, har da waɗanda na yi rantsuwar ba zan manta ba. Amma ranar da na sa ƙafa na shure kofin maganin ƙanina a tsakar gidanmu na Agege a Legas, wannan kam tana nan daram a raina.

Lokacin ina aji biyar na firamare, kuma ba ni da abokin gaba kamar lissafi. Karatu ina so, rubutun insha'i ma ba laifi, don ni dai a bar ni in yi surutu ko da a takarda ne. Amma da an ce a fito da littafin lissafi sai in fara neman inda zan ɓuya. Malamarmu Bayarabiya ce, gajera, mai muryar da ake ji tun daga bakin titi. A zangon nan awo take koya mana, mita da kilo da lita. Wata rana ta shigo aji da gora mai cin lita ɗaya da ledojin fiya wata. Ta fasa leda ɗaya ta juye, ruwa ya tsaya a tsakiyar gora. Ta fasa ta biyu, gora ta cika. Sai ta sa mu maimaitawa muna tafi: leda biyu lita ɗaya, rabin leda kwatar lita. Ina tafin ina hararar ƙeyarta, ina cewa a raina matar nan ba ta da aikin yi, ga ƙishirwa muna ji tana wasa da ruwa.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, ba nisa da layin dogo. Babanmu tumatir yake sayarwa a kasuwar Mile 12, da asuba yake fita sai bayan magariba. Umma daga Arewa ta zo Legas, ba ta yi boko ba, Yarbancinta ma bai wuce na cefane ba. A ɗakin da ke kallon namu kuwa yayar babanmu ce, Gwaggo, wadda ta tsufa a Agege. Duk jaririn da aka haifa a layinmu ita ke fara yi masa wanka, kuma ba a taɓa rasa jiƙo a ɗakinta. A wurinta maganin da bai yi kauri ba ruwa ne kawai. Ba a musu da Gwaggo, ko Baba in tana magana kansa a ƙasa yake.

Da damina ne ƙanina, wanda bai kai shekara ba, ya kama gudawa. Gwaggo ta duba bakinsa ta ce haƙori ne. Baba ya sayo garin ruwan gishiri da sukari a kemis, irin na 'yan fakiti, da zai fita ya ajiye ya ce a dama a riƙa ba shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya kama hanyar kasuwa, ni kuma na tafi makaranta.

Da na dawo bayan azahar, tun daga ƙofar gida na ji kukansa. Ba kukan da na sani ba ne. Siriri ne mai tsini, ba ya tsayawa. Na tarar da Umma a tabarma tana rungume da shi, leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa. Gwaggo na kan kujera 'yar tsugunne tana juya cokali a ƙaramin kofin silba. A ƙasa ga fakiti biyu babu komai ciki, na uku kuma yanzu ta zazzage shi.

Ni kuwa ina da wata ɗabi'a, duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karanta, ko ledar burodi ce. Na ɗauki fakitin. Da Turanci aka rubuta, cewa a zuba garin duka a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Na dubi kofin. Kofina ne na shan ruwa, na san rabin leda ke cika shi. Kwatar lita ke nan. Abin da aka ce a dama a kofi huɗu, a kofi ɗaya ake dama shi. Na saci ido na tsoma yatsa na lasa, sai da fuskata ta yamutse don gishiri.

"Gwaggo," na ce, "an ce a lita ɗaya ake damawa. Leda biyu ta fiya wata."

"Wa ya ce?"

"A jikin takardar aka rubuta."

"To takardar ta zo ta ba shi mana. Yaron da ruwa ke zuba daga cikinsa, shi za ki ɗura wa leda biyu? Ruwan na rage don maganin ya kama jiki. Ba ki ga yadda yake wawurar cokali ba? Jikinsa ne ke so. Matsa ki ba mu iska, 'yar boko."

Gaskiya ne yana wawura. Sai daga baya na san ƙishirwar gishirin ce ke sa shi, ana ba shi yana ƙara jin ta. Kuma ba na zargin Gwaggo da mugunta, don ta fi kowa son yaron nan. Da jiƙo ta saba, shi kuwa jiƙo in ya yi kauri an ce ya fi aiki. Ni ma a lokacin ban san abin da yawan gishiri ke yi wa jariri ba. Abin da na sani kawai shi ne huɗu ba ɗaya ba ne.

Na dubi Umma. Ta zare mini ido, irin kallon nan na ki rufe mini baki. Tsoro biyu suka haɗu mini, na Gwaggo da na kofin. Gwaggo ta ajiye kofin a ƙasa don ta gyara masa kai. Ban san lokacin da ƙafata ta tafi ba. Kofi ya yi ƙara a siminti, ruwan ya gangara cikin kwata.

Marin da Gwaggo ta zabga mini sai da na ga wuta. Umma ta ce, "Innalillahi! Ke, kanki ɗaya kuwa?" Gwaggo ta miƙe tana faɗa tana neman wani fakitin, tana cewa abin da ake koya mana a boko ke nan, rashin kunya. Ba ta rufe baki ba kukan yaron ya yanke. Jikinsa ya sandare, idanunsa suka juye sama, hannuwansa suka fara karkarwa.

Gwaggo ta ce a kawo albasa da manja. Umma ba ta tsaya ba. A iya sanina wannan ne karon farko da Gwaggo ta ba da umarni Umma ta wuce shi. Ta sungume shi ta yi waje ba takalmi. Na wawuri hijabinta, na kwashi fakitocin da kofin, ban ma san dalilin da ya sa na ɗauke su ba. Ina fita na ji muryar Gwaggo a bayana: "Kin ga abin da kika jawo ko? Kin zubar masa da magani!"

Maganar nan ta bi ni har titi. Wani saurayi mai keke napep, da jin Hausarsa Basakkwace ne, ya ga Umma ya taka burki. "Hajiya ku shigo, ku shigo, Allah shi ba shi lahiya!" Muna isa mararrabar jirgi muka tarar an tare hanya, jirgin ƙasa na wucewa, motocin haya na danfo sun cushe ko'ina, kwandastoci na ta ihu. Tarago ɗaya na bin ɗaya kamar ba za su ƙare ba. Umma na ta kiran sunan Allah tana jijjiga yaron, shi kuwa ya saki jiki. Ni ina maƙure a gefe, abu ɗaya ke yawo a kaina: na kashe shi. Da na bari ya sha, da bai shiɗe ba. Na fara tunanin yadda zan dubi Baba da yamma. Ban taɓa jin tsoro irin na cikin keken nan ba, har fitsari sai da ya kusa kuɓuce mini.

Mai keken bai jira ba. Ya juya ya kutsa wani lungu ta bayan kasuwa, mata masu kifi na janye farantansu suna zaginsa da Yarbanci, yana ba su haƙuri bai rage gudu ba, har ya sauke mu a ƙofar asibiti.

Nas ta karɓe shi da gudu. Wata likita ta fito tana yi wa Umma tambayoyi da Yarbanci, ta koma Turanci, Umma sai kuka. Dole na shiga tsakani. Ta tambaye ni me aka ba shi tun safe, na miƙa mata fakitocin. Ta ce a ruwa nawa aka dama. Na ɗaga kofin na ce kowane fakiti a wannan, kwatar lita.

Ta tsaya ta dube ni. "Kin tabbata kwata ce? Ki yi tunani da kyau, don irin ruwan da zan ƙara masa ya danganta da amsarki."

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu in an zo lissafi, yau ran ƙanina ne a kan amsata. Na ce, "Rabin ledar fiya wata ke cika shi. Leda biyu ne lita. Ya sha biyu, na ukun na zubar."

Ta juya tana ba nas umarni da sauri. Na riƙo gefen rigarta na tambayi abin da ke ci na, ko zubarwar da na yi ce ta sa ya shiɗe. Ta ce a'a, biyun da ya sha ne, gishiri ya yi masa yawa a jini. Ta ce maganin mai kyau ne in an dama shi daidai, amma da na ukun ya shiga cikinsa, ba ta san me za ta ce wa mahaifiyata ba. Nan na zauna a ƙasa na fashe da kukan da nake riƙewa tun daga gida.

Ba a ce mana ya tsira ba a ranar. An ce sai an rage gishirin a hankali, gaggawa ma haɗari ce. Da la'asar Baba ya iso, Gwaggo na biye da shi. Da aka yi mata bayani sai ta zauna a ƙarshen benci tana jan carbi, hawaye na bin fuskarta. Sai bayan kwanaki ya buɗe ido sosai ya nemi nono. Yanzu ya fi ni tsawo, har gemu yake tarawa, in na yi masa faɗa ya ce ni ba uwarsa ba ce.

Gwaggo ba ta taɓa ba ni haƙuri kan marin ba, ni ma ban sa rai ba. Amma daga ranar duk maganin da ya shigo layinmu a takarda, sai ta aika a kira ni kafin a buɗe.

Bayan an sallamo mu da 'yan kwanaki, Umma ta kira ni ɗaki ta saki labule. Ta ciro fensirina daga jaka ta riƙe shi a dunƙule kamar muciya, ta yi ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji.

"Nuna mini yadda ake rubuta lita," ta ce. "Ranar nan na gani a idonki gaskiya kike faɗa, na ce ki yi shiru, don ban san wa zan bi ba. Ba na son in sake ba ɗana abin da ban sani ba."

Na kama hannunta muka fara daga ɗaya. A ranar na gane cewa abin da ake koya mana a aji ba don jarrabawa ba ne kawai, wata rana rai ne zai rataya a kansa. Na kuma gane cewa girmama babba daban, yin shiru a kan abin da ka tabbatar daban. Har gobe ina durƙusa wa manya, amma in na karanta na ga ba daidai ba, sai na faɗa, ko da mari zai biyo baya.