Awa Ɗaya a Agogon Amurka

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare a Zuru, lokacin da nake ganin babu Turancin da zai gagare ni a duniya, wani soja da ya dawo kwas daga Amurka ya kawo mana saƙon yayana. Kaset ɗin bidiyo ne guda ɗaya da 'yar wasiƙa. Shekararsa uku ke nan a can yana karatun jami'a. Gudu ne ya kai shi, daga baya suka ja shi cikin ƙungiyar ƙwallon makarantar. Ba irin ƙwallonmu ba, tasu ta can, wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga da ita. A wasiƙar ya ce an nuna wasansu a talabijin, abokinsa ya naɗa masa, kuma shi ma ya buga. Ya rubuta lambar rigarsa, ya ja mata layi biyu.

Mahaifiyata ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "yayanka". Ta karɓi kaset ɗin ta naɗe shi a zanen zuwa coci ta sa a akwati. Hoto biyu kawai ya aiko tun da ya tafi, kuma ta sha gaya mini hoto ba ya motsi. Ita so take ta gan shi yana tafiya da ƙafafunsa, ta tabbata lafiyarsa ƙalau.

Ƙaninta, wato kawuna, tsohon soja ne da ke zaune a Rikoto, shi ke da bidiyo da talabijin da ƙaramin janareta. Aka sa ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kawu ya tambaye ni, "Ticha, wanga wasa nasu awa nawa yake ci? In san man da zan zuba."

Na gyara tsayuwa. Na riga na karanta bayan kaset ɗin, inda yayana ya rubuta cewa zango huɗu ne, kowanne minti goma sha biyar. Na ce, "Kawu, awa ɗaya ce cif. Ai bai ma kai namu ba. Kafin tuwo ya huce mun gama."

Haka ya zuba man awa ɗaya da ɗan ƙari.

Falon ya cika. Matan zumunta, maƙwabta, tsofaffin abokan kawu na bariki, kowa ya zo ganin ɗan Zuru a talabijin ɗin Amurka. Mahaifiyata ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarma dab da talabijin. Aka kunna. Sai ga ƙarti sanye da hular kwano, kafaɗu kamar an cusa musu matashin kai, babu wanda ake ganin fuskarsa. Suka duƙa, suka yi karo, suka zube a kan juna, aka busa usur. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba. Suka tashi suka koma gefe suna shawara.

Kawu ya ce, "To wannan kokawa ce ko taron dattawa?"

A kusurwar talabijin akwai agogo mai ƙirgawa baya. Ni na fara lura cewa agogon nan ba shi da alƙawari. An jefa ƙwallo ba a cafe ba, ya tsaya. Mutum ya fita layi, ya tsaya. An ci gaba da taku goma, ya tsaya har sai an gyara wasu sanduna a gefen fili. Daga nan sai filin ya ɓace gaba ɗaya, sai ga mota tana hawan dutse, sai wani ya cika baki da burodi da nama, sai wata mata tana murmushi don ta sami sabulu. A dawo a buga sau biyu, a sake tafiya talla.

Na kai hannu zan tura kaset ɗin gaba, mahaifiyata ta ce, "Bar shi, Auta. In ka tura ka wuce shi fa?"

"Mama, talla ce, ba ya ciki."

"Na sani. Bari in ga abin da suke ci a can."

Haka ta kalli tallan nan ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Ta ce duk abincinsu babu miya.

Ba mu kai rabin wasa ba janareta ya yi tari ya mutu. Ido duk ya dawo kaina. Kawu ya ce, "Ticha, tuwon ya huce ko da saura?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya fita ya zuƙo mai daga tankin babur ɗinsa da 'yar roba, yana tofar da yawu. Da wannan ya ƙare, wani abokinsa ya ba da na nasa babur ɗin, ranar a ƙafa ya tura shi gida.

Mutane suka fara zamewa. Matan zumunta suka tuna da girki. Wani tsoho ya miƙe ya ce shi ya yi golmo shekara bakwai yana noma wa surukansa, amma ya san ranar gamawa, wannan kuwa bai ga alama ba. Muka rage mu uku. Ni aikina neman lamba, idona har ya fara ruwa. Na ga lambobi iri-iri, ban ga tasa ba.

Can a zango na huɗu, bayan wata tallar taya, mai ɗaukar hoto ya bi ta kan waɗanda ke tsaye a gefen fili suna jiran a sa su. Akwai wani dogo, ya ba mu baya, ya yafa babbar riga ta rufe lambarsa, ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya. Mahaifiyata ta miƙa hannu har ta taɓa gilashin.

"Ga shi nan. Tsayuwar babanku ce."

Kafin in duba da kyau an wuce. Na ce, "Mama, ba a ga lamba ba fa." Ta ce ita ba lamba ta haifa ba.

Agogonsu na nuna saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi aka sake tafiya talla. Ana cikin tallar wani magani sai hoton ya yi rawa, talabijin ya koma shuɗi, bidiyon ya yi ƙara ya fara mayar da zare da kansa. Kaset ya cika. Kusan awa uku muna zaune, talla ta cinye wurin ƙarshen wasan. Kawu ya daki bidiyon sau biyu, don ya huce haushi kawai.

Bayan kwana biyu muka je wurin masu lemar buga waya muka sami yayana. Na gaya masa yadda kaset ɗin ya ƙare. Ashe a minti na ƙarshe aka sa shi, da aka ga sun riga sun ci wasa. Bai duba kaset ɗin ba don sojan na saurin tafiya. Ya ce akwai wani mutum mai jar hula da masu talabijin ke tsayarwa a fili, muddin bai fita ba ko alƙalin wasa bai isa ya ce a ci gaba ba, sai talla ta ƙare. Ya yi alƙawarin baɗi zai aiko wanda ya cika.

Baɗin ta zo, masu shirya wasan suka ga wasan ya cika tsawo, suka gyara dokar agogo ya riƙa gudu. Tallar ba su taɓa ta ba, wasan suka rage. Irin su yayana masu jiran ragowar mintuna su suka fi ji a jikinsu. Ba a sake nuna shi ba har ya gama makaranta. Daga nan sai neman aiki, sai gyaran takardu. Duk kiran da zai yi sai ya ce, "Mama, saura kaɗan in zo." Ita kuma ta yi dariya ta ce, "Da agogonku ko da namu?"

Ya iso Zuru kwana huɗu bayan mun binne ta.

Har yau in na tuna ranar Lahadin nan, ba kunyar lissafina ke damuna ba, wannan kam kawu ya gama cin rabonsa a kai. Abin da ke damuna shi ne yadda na yi ta tsaki ina duba agogon hannuna, alhali ita ko gyara zama ba ta yi ba. Ni na ɗauka ɓata mana lokaci ake yi. Ita kuwa awa uku ta samu a ƙasar da ɗanta yake, ba ta taɓa samun kamarsu ba, ba ta kuma ƙara ba. Ina kewarta, ina kewar zaman nan, har da tallar sabulun.

Washegarin isowarsa muna zaune a ƙofar ɗakinta, ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba, "Auta, ranar nan ta gan ni kuwa? Ko a gefen fili?"

Ban tambaye shi ko ya yafa babbar riga ranar ba, ko a ina ya tsaya. Ban so in sani ba, har yanzu ma ban so.

Na ce, "Ta gan ka, Yaya. Ta ce ka yi tsawo."