Adakar Hambali Mai Surfani

A titi na 116 a Harlem, tsakanin mai busasshen kifi da shagon wata 'yar Senegal mai kitso, akwai wata siririyar ƙofa. Nan Hambali yake, mutumin Damagaram. Shekara ashirin da uku safiyarsa iri ɗaya ce: ya ɗaga ƙofar ƙarfe, ya yi bisimilla, ya danna maɓallin tsohuwar kwamfutarsa, ita kuma ta amsa da 'yar muryarta, "pii-po." Mai kitso takan leƙo ta ce, "Alhaji, amaryarka ta tashi?"

Kwamfutar Japan ce, akwati mai faɗi da aka yi shi fari, shekaru suka mayar da shi kalar haƙorin mai cin goro. A gabanta akwai baki biyu na zura fulofi, faifan nan mai kusurwa huɗu. Ta baya wata igiya mai kauri ta fita zuwa injin surfani. Wutar Amurka ta fi ƙarfin cikinta, don haka tana da ɗan taransifoma a ƙarƙashin tebur. Rubutun da take nunawa na Japan ne, Hambali bai san ko harafi ɗaya ba. Da jan farce ya ɗiga wa maɓallan alama: ɗigo ɗaya buɗe zane, biyu aika wa inji, uku kada ka taɓa.

Ya zo New York a 1994, ya yi tallan lema da agogo, sannan ya sami aiki wurin wani tsoho Bajapane mai ɗinka tambarin kamfanoni a jikin huluna. Da tsohon zai koma gida sai ya bar masa injin da kwamfuta biyu iri ɗaya. Ya nuna ta biyun da yatsa, ya ce masa da guntun Turancinsa, idan waccan ta mutu, ga wannan.

Mahaifin Hambali mai zanen riguna ne a unguwar Birni. Gadon da ya bar masa zane ne a kan takardun buhun siminti: aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, da wasu da ba su da suna sai a bakin tsohon. Shekara shida Hambali ya yi yana shigar da su kwamfuta, ɗinki bayan ɗinki, inda allura za ta fara da inda za ta juya. Ɗari uku da goma sha biyu. Takardun sun riga sun ruɓe a ninki, ya share su ya zubar ba tare da fargaba ba, don ya kwafe duk abin da ke cikin kwamfutar a fulofi arba'in da ɗaya.

Fulofin da kwamfuta ta biyu ya yi musu irin adanar da mahaifiyarsa take yi wa rigar saƙin mahaifinsa. Ya naɗe da leda, ya ƙara da tsohuwar shadda, ya zuba kafur, ya sa a adakar ƙarfe, ya garƙame, ya kai ɗakin ƙasa na shagon. Bai sake buɗewa ba. A gidansu an san abin ajiya ba ya son ido.

Wata Talata a watan Maris ya danna maɓalli, babu pii-po. Sai wani ƙyat, ƙyat, ƙyat daga ciki, kamar ƙadangare a bayan kwano.

Ya kira Kojo, mai gyaran waya a unguwar Highbridge, haifaffen Zangon Kumasi, mutum mai furfura da gilashi biyu a wuya. Kojo ya kwance murfi, ya kara kunnensa.

"Alaji, faifan ciki ya mutu. Wannan kwamfuta ya girmi ɗana na fari. Ka yi masa sallar gawa kawai."

"Kai, ɗan Gwanja, bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ina da wata sabuwa fil a ƙasa. Ko kuran lantarki ba a taɓa sa mata ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ba ni ita."

Kojo ya cire gilashinsa. Bai yi dariya ba, shi da dariya ba ta yi masa wuya.

Su biyu suka hauro da adakar, suna nishi. Hambali ya warware shadda a hankali, da alfahari. Warin kafur ne ya fara tashi, a ƙarƙashinsa kuma wani wari kamar na ruɓaɓɓen kifi. Daga waje kwamfutar fara tas, ko ƙwarzane babu. Kojo ya buɗe ta, ya haska fitilar wayarsa.

"Zo ka gani da idonka. Ga ɗan batir nan da yake riƙe agogo. Ya fashe tun tuni, ruwansa ya bi allo. Ka ga wannan koren abu? Hanyoyin wuta ne ya cinye. Waɗannan 'yan gwangwanaye ma duk sun yi amai."

"To ai ba a taɓa ta ba."

"Shi ne matsalar, Alaji. Inji ba riga ba ne. Da kana buɗewa ko sau ɗaya a shekara, da mun ga batir ya fara kuka, mu cire shi. Minti biyar. Ka naɗe shi da leda a wuri mai damshi, ya zauna yana cin kansa."

Hambali ya miƙa hannu ga fulofin. Hannun nan shekara huɗu ke nan yana rawa, likita ya ce ba zai daina ba. Ya ja ƙarfen bakin na farko. Farar fumfuna ta yi ɗigo-ɗigo a kan baƙin faifan. Na biyu haka. Na goma haka.

Kojo bai ƙi ƙoƙari ba. Ya kwashi komai a tasi ya tafi da su. Mako uku yana cire na wannan yana sa wa waccan, yana goge fulofi ɗaya bayan ɗaya da auduga. Ya ce irin rubutun da kwamfutar Japan take yi a faifai, na nan ba sa karanta shi, dole sai ita. Rannan ya kira Hambali, ya kara wayar a jikin akwatin kwamfutar.

"Pii-po."

Hambali ya rufe shago da rana tsaka ya hau jirgin ƙasa. Ya zauna a bayan Kojo suna zura fulofi, kwamfuta tana gurnani tana tofar da su. Cikin arba'in da ɗaya, biyu suka buɗe. Zane tara. Takwas tambarin hulunan wani kamfanin wanki ne na zamanin tsohon Bajapane. Na tara aska takwas ɗin mahaifinsa ce, ta taho daidai har aska ta uku, daga nan allo ya cika da tarkace.

'Yarsa Sumaya, mai aikin jinya a Bronx, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ce masa ya ɗauki hoton tsofaffin rigunan da ya yi wa mutane, akwai sababbin kwamfutoci da za su zana.

"Hoto zai nuna miki inda allura ta bi," in ji shi. "Ba zai gaya miki ina ta fara ba. Kakanki daga ciki yake farawa ya fito. Ni ma na manta rabi, na bar wa inji ya riƙe mini."

"Okay, Baba," ta ce, ta gyara masa hula.

Yanzu a shagon rage tsawon wando ake yi da sa zif. Ran Juma'a Hambali yakan riga kowa fita daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban ƙirjin mutane. Makon jiya ya tare Ismaël direban tasi.

"Malam Ismaël, rigar nan aikina ne."

"Naka ne, Alhaji, tun sunan ɗiyata. Ta tsufa, madam ta ce a ba da ita sadaka."

"To ga mabuƙaci a gabanka."

Ismaël ya yi dariya, ya ga Hambali bai yi ba, sai ya tuɓe ta nan a gefen titi ya miƙa masa.

Hambali ya koma shago ya shimfiɗa ta a tebur, ya ɗora farar takarda mai shara-shara, ya kama fensir da hannu biyu. Zaren ya zaizaye a kafaɗa, wani wurin sai ramukan allura. Layin farko ya karkace. Ya goge, ya sake, takarda ta huje. Har la'asar bai gama aska ɗaya ba.

Mai kitso ta leƙo. "Alhaji, kwana biyu ban ji amarya ba."

"Ta yi yaji," ya ce, bai ɗago ba.

Ya ninke rigar kamar yadda ya saba, ya waiwaya inda adakar take a buɗe a kusurwa. Sai ya warware ninkin, ya rataye ta a ƙusa kusa da taga, ya ɗauki wandon da ke jiransa.