Auta a Ƙarƙashin Teku

Autanmu bai iya ruwa ba, wannan nake so a fara sani. Tun yana ƙarami, in muka hau bas daga Sabon Tasha za mu shiga gari, da an zo kan gadar kogin Kaduna sai ya runtse ido ya damƙe zanen Mama har a ƙetare. Don haka ranar da ya shigo gida da takardar cewa an ɗauke shi aikin sojan ruwa, dariya na yi har na ƙware. Mama kuwa ta durƙusa a tsakar gida ta gode wa Ubangiji, sannan ta miƙe ta harare ni.

Ni ce babba a ɗakinmu, malamar firamare, kuma tun rasuwar Baba ni nake zaune da Mama a gidanmu na Romi. Duk wasiƙar da Auta ya aiko daga Legas ni nake karanta mata, saboda idonta ya yi rauni. Wata rana sai ga wasiƙa da hoto a ciki. Yana tsaye cikin fararen kaya, hula a karkace, a bayansa wani baƙin jirgi mai kama da ƙatuwar tarwaɗa ya leƙo daga ruwa. Ya rubuta cewa nan ne wurin aikinsa, jirgin yaƙi ne mai tafiya a ƙarƙashin teku, sai su yi wata guda ba su ga rana ba. Na ƙura wa hoton ido, na ga tekun ya yamutse a gefe ɗaya kamar zanen gadon da ba a goge ba. Labulen mai ɗaukar hoto ne, ko makaho ya shafa zai gane. Amma na dubi fuskar Mama na ga yadda take haske, sai na miƙa mata hoton na bar ta da murnarta.

Hoton nan ya sha yawo. Mama ta naɗe shi a leda ta sa cikin Littafi Mai Tsarki, babu macen da ba ta gan shi ba a zumuntar matan cocinmu. Har mai sayar mana da gawayi sai da aka nuna masa.

Shekara guda da 'yan watanni da komawar mulki hannun farar hula, cikin damina, muna dogon hutu, Mama tana tankaɗen garin masara a baranda, rediyo na gefenta ana labaran rana. Sai mai karanta labarai ya ce wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya nutse lokacin atisaye, yana can kwance a ƙasan teku da sojoji a cikinsa, ana neman yadda za a fito da su. Rariya ta suɓuce daga hannun Mama. Ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa ji ba ko ranar da Baba ya rasu.

Na fito a guje na ce, "Mama, na ƙasar Rasha ne. Rasha fa! Ina Legas, ina Rasha?"

Ta ce, "Da aka kwashi yaran mutane aka kai Laberiya, an zo an gaya wa iyayensu?"

"Mama, ƙasar nan ba ta da irin jirgin nan ko guda ɗaya."

"To ai shi ya sa suka kai shi inda ake da shi."

Nan na ga ba sauran ɓoye-ɓoye. Na fito mata da gaskiya, na ce hoton nan labule ne, ƙarya Auta ya shara mana. Ta dube ni ido jawur ta ce, "Ke dama tun da can ba ki so yaron nan ya zama wani abu." Gaskiyar da na ɓoye wata da watanni, da na fito da ita sai ta zama hassada. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da kaina nake fushi.

A unguwarmu ba a aika wa mutane goron gayyata zuwa gidan kuka. Ƙara ɗaya ta isa. Kafin garin masarar da ya zube ya gama jiƙewa, maƙwabta sun cika tsakar gida. Kafin la'asar sai ga shugabar zumunta, wata doguwar mata daga Filato wadda ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba, ta iso da mata kusan ashirin cikin zanen zumunta iri ɗaya, da tabarmi, da tulun kiɗa, da babbar tukunya, da itace a ka. Na tare ta a ƙofa ina mata bayanin Rasha. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu da haƙuri, 'yata. Haka yake, wani kuka yake yi, wani kuma musu." Ta wuce ni ta shiga.

Sai gardama ta tashi a kan waƙar da za a yi. Wasu suka ce waƙoƙin ta'aziyya, wasu suka ce haba, yaron bai mutu ba tukuna, na roƙo za a yi. Shugaba ta yanke hukunci: a riƙa yin ɗaya daga nan, ɗaya daga can, duk wadda ta dace Ubangiji ya zaɓa. Haka kuwa aka yi, a sallame shi zuwa gidan Uba a waƙa ɗaya, a dawo da shi a ta gaba.

Da abin ya tsaya nan da na bar su sun sha waƙarsu. Amma Mama ta miƙe a gaban kowa ta yi alkawari cewa abinci ba zai shiga bakinta ba sai ta ji muryar Auta da kunnenta. Mace mai ciwon suga, mai shan magani safe da yamma. Kuma na san uwata, in ta faɗi magana a gaban zumunta ko fasto bai isa ya sauke ta ba. A nan dariya ta ƙare mini, tsoro ya kama ni.

Washegari rediyo ya ce an ji kamar ana ƙwanƙwasa jikin jirgin daga ciki. Mama ta ɗaga yatsa ta ce, "Shi ne. Haka yake buga ƙofa, ba ya haƙuri." Matan suka amsa da "Ayya" baki ɗaya.

A ranar ne kansilan mazaɓarmu ya zo. Kafin zaɓe katako yake sayarwa a bakin titi, yanzu kuwa ya yi babbar riga da mutum biyu masu take masa baya. Ya tsaya tsakiyar tabarmi ya ce zamanin da ake ɓatar da ɗan talaka a yi shiru ya wuce, yanzu dimokuraɗiyya ake. Zai kai maganar gaban majalisar ƙaramar hukuma ranar Talata. Ya ƙara da cewa shi bai ga abin wahala a ciki ba, don a ƙauyensu wani bijimin sa ya taɓa faɗawa rijiya, igiya uku da samari goma aka sa aka fito da shi, Turawa ne dai da son yin abu da tsawo. Aka tafa masa. Ya shanye kofi biyu na kunun makokin, ya tambaya ko akwai mai ɗaukar hoto kusa, da aka ce babu ya tafi.

Ni kuwa na ɗaura ɗankwali na nufi Sabon Tasha. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba. Akwai wani kemis mai wayar tebur a bayan kanta, nan kowa yake zuwa ya bi layi. Lambar barikinsu Auta tana bayan wata tsohuwar wasiƙa. Ranar farko layin bai shiga ba sam. Rana ta biyu ya shiga, wani ya ɗauka ya ce in riƙe, na riƙe har hannuna ya yi tsami, ashe ya ajiye kan wayar a tebur ya tafi abinsa. Ina dawowa gida cikin taɓo in tarar da Mama a jingine da bango, leɓɓanta sun bushe, ruwa kaɗai take kurɓa. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na yi kuka. Ta ce in tafi in ci nawa tunda ni cikina bai san ɗan'uwa ba.

Rana ta uku Allah ya haɗa ni da wani ofisa mai haƙuri. Na faɗi sunan Auta da lambarsa, na tambaya ko yana cikin waɗanda aka tura jirgin ƙarƙashin ruwa. Sai ya fashe da dariya har na janye wayar daga kunne. Na ji yana kiran abokan aikinsa su zo su ji. Da ya samu numfashi ya ce, "Madam, your brother dey kitchen." Wato ƙanena yana ɗakin girki. Muka shirya zai tsayar da shi a bakin waya washegari da sha biyun rana.

Na so in kai Mama ni kaɗai, a rufa wa yaron asiri. Ina! Shugaba ta ce tare aka fara, tare za a gama. Muka cika bas guda, tulun kiɗa a cinyar wata. Shagon kemis ɗin ba ya ɗaukar mutum biyar, sauran suka yi cincirindo a ƙofa da taga, masu wucewa suka tsaya suna tambaya wa ya rasu.

Ni na fara karɓar wayar. Da na ji muryarsa sai na ji kaina ina gode wa Allah, domin duk musun da nake yi, ashe akwai wani lungu a zuciyata da ya yarda da Mama. Na gaya masa abin da ake ciki a gaggauce. Ya ce, "Yaya, don Allah kar ki faɗa mata. Ki ce an fito da ni." Na ce, "In ka ce an fito da kai, gobe wani jirgin ya nutse mu sake shimfiɗa tabarmi? Kwana huɗu ba ta ci abinci ba. Ka faɗa mata da bakinka, ko in zo Legas in same ka." Na miƙa wa Mama.

Akwai abin da na manta. Mama ba ta taɓa magana a waya ba, kuma a ganinta tunda Legas da nisa, dole a ɗaga murya. Sannan duk abin da aka faɗa mata sai ta maimaita da ƙarfi don ta tabbatar ta ji daidai.

"Auta! Kai ne? Daga ƙarƙashin ruwan kake magana?"

Jama'a suka kasa kunne har waje.

"Ba ka cikin ruwa? Ba ka taɓa shiga ba? Ko sau ɗaya?"

Wata a bakin taga ta juya ta isar wa na baya.

"To me kake yi a can? Doya? Doya kake ferewa? Da wake?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kwalaben magani. Mai kemis ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Labule ne? Jirgin labule ne?"

Daga nan Mama ta tsaya tana saurare, hawaye na bin kumatunta. Na ɗauka za ta tsine masa. Sai ta ce, wannan karon a hankali, "Ka yi ta fere doyarka, ɗana. Kar ka yarda su ƙara maka girma." Shugaba ta rangaɗa guɗa, aka buga tulu a bakin titi. Na saya wa Mama burodi da shayi a wurin mai shayin da ke gefe, ta ci a tsaye kamar 'yar makaranta, tana ci tana zagin Auta, tana dariya.

Ba a watse a ranar ba, don abincin makoki ya rage da yawa, aka mai da shi na godiya. Kwana biyu ana zuwa ana ci, ana tsokanar Mama da uwar mai doya, ita ma tana tayawa. Rana ta uku da hantsi matan suka zo kwashe kayansu. An naɗe tabarmi, an ɗaure tukunya, shugaba tana ƙirga cokula. Rediyo na baranda a kunne, don tun ranar farko Mama ba ta bari an kashe shi ba. Sai aka ce masu ninƙaya sun isa jirgin, sun buɗe ƙofarsa, ruwa ya cika shi. Babu wanda ya rayu.

Kowa ya ce Allah ya ji ƙansu, aka ci gaba da ɗaure kaya. Mama ce kaɗai ba ta motsa ba. Can ta ce, "Ku mai da tabarmin."

Shugaba ta ce, "Mama, ai naki yana nan lafiya."

"Na sani. Kwana huɗu na yi ina uwar wanda ke cikin jirgin nan, na san yadda abin yake. Ni na ji muryar nawa a waya. Wanda yake ƙwanƙwasawar nan fa, uwarsa tana can tana jira, ba wanda zai kira ta."

Aka kwance tabarmi aka shimfiɗa, wannan karon ba a yi gardamar waƙa ba. Ni da na kwana huɗu ina gaya wa kowa cewa Rasha da nisa, na nemi wuri kusa da Mama na zauna, na yi kuka har muryata ta dushe.